WAYAR KEKE BA TA TSINKEWA ITA KAƊAI

Wanda duk ya yi sammako ya tsaya bakin hanyar Gwarzo, daidai Janguza, ba zai rasa ganin masu keke ba, suna fitowa daga ƙauyukan ƙasar Tofa sun nufi birni. Wani ya ɗauro buhun masara, wani damin rake, wani kwandon kaji, wani kuwa ɗan makaranta ne da jakarsa a baya. In ka kasa kunne sa'ad da su ke wucewa, sau da yawa za ka ji wata 'yar ƙara tana fitowa daga ƙafar baya. In ka dubi ƙafar kuma sai ka ga tana rangaji, tana gugar birki duk juyi ɗaya. Wannan keke waya ta tsinke masa ke nan, mai shi kuwa ya sani sarai, yana dai lallaɓawa ne ya kai gindin bishiyar mai gyara.

A kan wannan 'yar waya na ke so in yi magana yau. Ba wayar da a ke karawa a kunne na ke nufi ba, wayoyin nan na ƙarfe sirara na ke nufi, waɗanda suka tashi daga cibiyar ƙafar keke suka kama gargare. Na san wani zai ce, duk damuwar da ta ishi ƙasa a rasa abin da za a cika shafin jarida da shi sai wayar keke? To, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Tun ran 29 ga Mayu, 2023, da Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, kuɗin mota da na babur suka yi sama, mutane da yawa suka kakkaɓe kekunansu da suka jingine a zaure shekara da shekaru. Ga manomin Lambu, ko na Doka, ko na Yanoko, keke shi ne motarsa, shi ne jakinsa. Ran da ƙafar keke ta ƙi, ran nan kaya ba su je kasuwa ba, yaro bai je makaranta kan kari ba, taki bai isa gona ba. Abin da ke hana magidanci neman abincin yini kuwa ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da na ke so in tabbatar wa jama'a shi ne, wayar da ke tsinkewa yau, a sa sabuwa, jibi wata ta tsinke, ba rashin sa'a ba ne, ba kuwa sammu ba ne. Ciwon yana jikin ƙafar duka, mu kuwa muna ta yi wa waya ɗaya ɗaya magani.

ABIN DA YA SAME NI

Ni kaina na sha wannan wahala, shi ya sa na ke da bakin magana. Wata damina sai da na kai kekena wurin mai gyara sau bakwai, kowane zuwa waya ɗaya, kuma duk a ƙafar baya. In na je sai ya zaro wata daga cikin tarin da ke gabansa, ya zura, ya murɗa noti har ƙafar ta daina gugar birki, in ba shi 'yan canji in hau in tafi, ina murna gyara ya yi araha. A zuwa na takwas ban kai wurinsa a kan keke ba. Na ɗauko buhun takin zamani, na faɗa wani ɗan rami da ruwa ya rufe, sai na ji tas, tas, tas, uku a jere. Ƙafar ta lanƙwashe kamar tsohon faifai, buhu ya faɗi ya fashe cikin taɓo. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Na bar takin wurin wasu bayin Allah masu noma a gefen hanya, na saɓa keke a kafaɗa.

Washegari na kai ƙafar birni wurin wani dattijo wanda ya tsufa cikin wannan sana'a. Ya juya ta, ya bi wayoyin da suka rage yana taɓa su da ɗan yatsa ɗaya bayan ɗaya, kamar mai gwada tsirkiyar garaya. Wata ta yi ƙara siririya, wata ta yi ƙara mai kauri, wata ko motsin kirki ba ta yi, ta saki sarai.

Ya ce, "Malam, sau nawa aka sa maka waya a ƙafar nan?"

Na ce, "Sau bakwai, Baba."

Ya ce, "Sau nawa aka ɗaure maka ƙafar?"

Na ce, "Ai duk sa'ad da aka sa waya a kan ɗaure ta."

Ya yi murmushi ya ce, "Wayar aka ɗaure, ba ƙafar ba. Kai waya ka ke ta saye, ba ka taɓa sayen ɗauri ba."

Wannan magana ta dattijo ita ce kan zancena duka. Daga baya na bincika, na tarar abin da ya faɗa mini a gindin rumfa shi ne abin da injiniyoyi suka rubuta a littattafai.

YADDA ƘAFAR KEKE KE ƊAUKAR KAYA

Ku ɗauki wayar keke guda ɗaya, ku tsai da ita a ƙasa, ku danna ta da tafin hannu. Nan da nan za ta lanƙwashe, ko yaro ya iya tanƙwara ta. To, yaya aka yi guda 36 irinta su ke ɗaukar ƙato da buhu? Asirin shi ne ba tokare gargare su ke yi ba, janyo shi su ke yi. Ƙafar keken doki ta zamanin da, sandunan itace ne masu kauri suka tokare ta. Ƙafar keke kuwa kowace waya an ja ta tamau, tana jan gargare zuwa cibiya, ta ɗaya gefen kuma tana ja, sai ƙarfinsu ya yi daidai, cibiya ta tsaya a tsakiya. Wani Bature mai suna James Starley, mutumin Koventiri ta ƙasar Ingila, shi ne a shekarar 1874 ya fito da dabarar saƙa wayoyin a gicciye, yadda mu ke ganinsu har yau, domin su iya ɗaukar ƙarfin taka feda. A ƙafar keken tsere da aka ɗaure sosai, jan da ke kan waya ɗaya ya kan kai nauyin kilo 100, alhali ba kowa a kan keken.

Sa'ad da mutum ya hau, nauyi ya danna cibiya, sai gargare ya ɗan lotsa kaɗan a daidai inda taya ta taɓa ƙasa. 'Yan wayoyin da ke ƙasa a wannan lokaci sai jansu ya ragu. Da ƙafa ta juya suka bar ƙasa, sai jan ya komo. Wani injiniya na Amurka, Jobst Brandt, ya bayyana wannan filla-filla cikin littafin da ya wallafa a kan ƙafar keke a shekarar 1981. Watau kowace waya tana saki tana kamawa sau ɗaya a kowane juyi.

Yanzu mu yi lissafi. Ƙafar babban keke mai inci 28, juyi ɗaya ta kan ci ƙasa wajen mita 2 da 'yan kai, watau kimanin juyi 450 a kilomita guda. Mutumin da ke yin kilomita 20 a yini, zuwa da komowa, kowace waya tasa ta saki ta kama sau 9,000 ke nan. In ya yi haka kwana 300 a shekara, lissafi ya haura miliyan 2 da rabi. Kowane yaro da ya taɓa ƙera motar wasa da waya ya san yadda a ke tsinka waya ba da almakashi ba: a yi ta lanƙwasa ta gaba da baya a wuri ɗaya har ta gaji ta rabu. Ƙarfe ma yana gajiya.

Ga inda mutane da yawa su ke kuskure. Suna tsammani wayar da aka ɗaure tamau ita ce za ta tsinke, saboda haka sai su bar ta sako-sako wai don ta huta. Alhali kuwa akasin haka ne. Wayar da ke da isasshen ɗauri, in ta zo ƙasa jan ya ragu ne kawai, ba ta saki duka ba, ba ta motsa daga mazauninta ba. Wadda ke sako-sako kuwa, in ta zo ƙasa sai ta saki sarai, gwiwarta ta motsa cikin ramin cibiya, sa'an nan a fizge ta. Haka za ta yi ta yi sau dubbai kowace rana, notinta kuma yana ƙara warwarewa, har ran da za ta ce tas. Da ta tsinke, aikinta ya koma kan maƙwabtanta, su kuwa da ma tare aka sa su, tare suka tsufa. In an sa sabuwa aka ɗaure ta ita kaɗai don gargare ya miƙe, ba a taɓa sauran ba, an dai rufe bakin ciwo ne, ƙurji yana ciki.

Kada kuma a ɗauka ina cewa a yi ta murɗa noti ba iyaka. Ɗaurin da ya wuce kima ya kan tsaga gargare a bakin rami, ko ya murɗe shi. Abin da a ke so shi ne ɗauri isasshe, kuma daidai wa daida, kowace waya ta ɗauki rabonta.

KUKAN KURCIYA JAWABI NE

In waya ta tsinke, kada a yi saurin jefar da guntun. A duba inda ta rabu, gama nan ne za a ji labarin abin da ya kashe ta.

In a gwiwa ta tsinke, watau inda ta lanƙwasa ta shiga cibiya, wannan gajiya ce, kuma nan ne mafi yawa su ke tsinkewa. Ko dai ɗauri ya yi kaɗan, ko ramin cibiya ya yi wa wayar yawa tana wasa a ciki. In a bakin noti ta tsinke, a duba tsatsa, a kuma duba ko wayar ta shiga notin a karkace. In kuwa a tsakiya ta rabu, ko kusa da cibiya a gefen sarƙa, a duba da kyau, sau da yawa za a ga tabo. Ko sarƙa ta taɓa zamewa ta faɗa tsakanin haƙora da wayoyi ta ƙwarzane su, ko wani itace ya shiga, ko ƙugiyar igiyar ɗaure kaya ta kama. Waya mai tabo ta riga ta mutu, ranar faɗuwa kawai ta ke jira, kuma duk 'yan'uwanta na wannan gefe da suka sami tabon haka su ke.

Sai kuma a dubi gargare kansa. Wanda ke hawan keke da taya ba isasshiyar iska, in ya daki dutse ko bakin kwalta, gargare ne ke shan dukan. Gargaren da ya riga ya lanƙwashe, in aka tilasta shi ya miƙe da ƙarfin waya, dole wasu su ɗaure fiye da kima, wasu su saki. Irin wannan ƙafa ko wane gwani ya taɓa ta ba ta zama lafiya. Gwajinsa mai sauƙi ne: in an kwance wayoyi duka, a kwantar da shi a kan daɓen siminti mai laushi. In ya kwanta ko'ina ya taɓa ƙasa, da sauransa. In yana rawa, a ba yara su yi wasa da shi, a nemi wani.

Waya ma iri iri ce. Akwai ta baƙin ƙarfe wadda aka yi wa ruwan tutiya irin na kwanon rufi, ita ce mai araha, damina biyu uku sai tsatsa ta fara cinta. Akwai ta ƙarfen da ba ya tsatsa, ta fi tsada, ta fi kuma daɗewa nesa ba kusa ba. Wajen kauri kuma, wadda aka fi sani ita ce mai lamba 14, kaurinta milimita 2. Mai lamba 13 ta kai milimita 2.3, mai lamba 12 kuwa 2.6, watau lamba tana raguwa kauri yana ƙaruwa. Mai ɗaukar kaya ya nemi mai kauri, muddin ramin cibiya da na gargare za su karɓe ta. Abin da ya fi kowanne muni shi ne a zaro tsohuwar waya daga mataccen keke a sa wa mai rai. Ta riga ta yi juyinta miliyoyi a wani wuri, gajiyarta a ke saya.

KEKE YA GAJI JAKI, AMMA BA JAKI BA NE

Ƙasar nan tamu ta kewayen Kano, gona na jikin gona, ba a barin ƙasa ta huta sai dai a ciyar da ita da taki. Kakanninmu da jakuna su ke wannan jigila, su kai itace da hatsi birni, su komo da taki. Yau keke ya karɓi rabo mai yawa na wannan aiki. Amma mun karɓi aikin jaki, mun bar hikimar masu jaki. Mai jaki ba ya ɗora kaya sai da mangala, rabi dama rabi hagu, kuma a ƙasa-ƙasa. In kaya sun yi yawa jaki ya kan durƙusa ya ƙi tashi, dole a rage. Keke ba shi da bakin ƙi, sai dai ya yi magana da wayoyinsa.

Ko ba kaya, ƙafar baya ita ke ɗauke da wajen kashi 60 cikin 100 na nauyin mahayi. In aka ɗora buhu mai kilo 100 a kariya, ko jarka 4 ta ruwa mai lita 25 kowace, kusan duk nauyin nan a kanta ya ke sauka. Maƙeran Ingila na da sun san haka, shi ya sa tsofaffin kekuna irin su Raleigh su kan zo da waya 32 a gaba, 40 a baya. Dattawa da suka hau irin waɗannan, tun ba sa'ad da kamfanin Raleigh ya ke harhaɗa keke a Bompai cikin Kano ba, a shekarun 1970, su kan ce keken da ya fi na yanzu ƙarfi. Akwai gaskiya a maganarsu, kuma wani sashi na gaskiyar a ƙafar baya ya ke. A zamanin nan ma ƙungiyar World Bicycle Relief, wadda aka kafa a shekarar 2005, ta ƙera keke mai suna Buffalo musamman don ƙauyukan Afirka, da kariya mai ɗaukar kilo 100 da wayoyi masu kauri. Wannan ya nuna ɗaukar kaya a keke ba laifi ba ne, amma sai an gina ƙafar don kayan.

A nan ne zan ja kunnen samarinmu. Yanzu kekunan gwanjo na ƙasashen Turai sun yawaita, cikinsu har da keken tsere, mai siririyar taya, da lanƙwasasshen hannu, da giya barkatai. Keke ne mai daɗin hawa, mara nauyi, yana gudu kamar iska, ban ga laifin saurayin da ya so shi ba. Amma a san abin da aka saya. An yi shi ne don mutum ɗaya a kan kwalta mai santsi. Wayoyinsa sau da yawa 28 ne, ko 24, wani ma bai kai haka ba. Har wa yau, saboda tarin haƙoran giya da ke gefen dama na ƙafar baya, wayoyin wannan gefe sun fi miƙewa tsaye, sun fi ɗauri, na hagu kuwa ɗaurinsu ya kan tsaya wajen rabin na dama ko sama da haka kaɗan. Saboda haka na hagu ba su da wuyar saki, na dama kuma ba su da sauran wurin ƙari. In aka ɗauki irin wannan keke aka ƙulla masa kariya wurin mai walda, aka ɗora masa buhu, ko aka goya aboki, aka bi hanyar burji da shi, to, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda ya nace sai ya yi aikin ƙauye da keken tsere, ya sake masa ƙafar baya mai waya 36, da gargare mai ƙarfi, da taya mafi faɗi da jikin keken zai karɓa.

MAGANAR KUƊI

Na san amsar da za a ba ni. Za a ce, Malam, kai kana maganar a sake wayoyi 36 gaba ɗaya, mutumin da ke neman na cefane ina ya ga kuɗin? Wannan magana ce mai nauyi, ba na raina ta. Wanda ya sa waya ɗaya ba wauta ce ta sa shi ba, abin da ke aljihunsa ke nan ran nan.

Amma mu yi lissafin gaskiya. Ni da na je sau bakwai, na biya kuɗin waya bakwai da ladan aiki bakwai, na ɓata safiya bakwai, daga ƙarshe na yi asarar gargare, da rabin buhun taki, da yini biyu na aikin gona a tsakiyar damina, sa'an nan na komo na sayi wayoyi 36 ɗin da na ke gudu. Araha ba ta ado. Da Allah bai kiyaye ba, da a gaban babbar mota ƙafar ta lanƙwashe, da ba wannan lissafi a ke yi ba.

Ga shawarata, kuma ba ta fi ƙarfin talaka ba. Waya ta farko in ta tsinke, a sa sabuwa, amma a ce wa mai gyara ya bi ƙafar duka ya daidaita ɗaurinta, a kuma biya shi ladan wannan aiki dabam. Ta biyu in ta tsinke ba da daɗewa ba, a fara tanadi. Ta uku in ta bi, magana ta ƙare, sauran duk sun gaji, a kwance ƙafar a sake saƙa ta da sababbi. Wanda ba shi da hali yanzu ya sa ranar yin haka da kaka, sa'ad da ɗan kuɗi ya shigo hannu, tun kafin jigilar amfanin gona zuwa Dawanau ta yi nisa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin nan kuma a rage kaya, a raba buhu biyu a yi sawu biyu, a rataya jarkoki dama da hagu kamar mangala, a sauka a tura in an zo rami ko yashi, a riƙa duba iskar taya kowace safiya. Ran Juma'a in an wanke keke, a bi wayoyi da yatsa, wadda aka ji ta saki a kai ta a ɗaure tun ba ta ja wa 'yan'uwanta ba.

Game da masu gyara kuwa, kada a ɗora musu laifin duka. Daidaita ƙafa aiki ne na haƙuri, ya kan ci sa'a guda ko fiye, a murɗa nan rubu'in juyi, a sassauta can, a juya a duba. Mu kuwa mun saba mu biya kuɗin abin da ido ya gani, watau sabuwar waya, mu ƙi biyan aikin da ba a gani. In mai gyara ya san ba za a biya shi sa'ar nan ba, ga kuma mutum uku suna jiran faci, don me zai ɓata ta? Mu ne muka koya musu gaggawa. Duk da haka ina roƙonsu abu huɗu. Su sa waya mai tsawon da ya dace, gama doguwa ta kan huda tib, gajeruwa kuma noti ba ya kama ta sosai. Su ɗiga ɗan mai a bakin noti kafin ɗauri. In sun gama saƙa ƙafa, su kama wayoyi bibbiyu su matse da ƙarfin hannu, su zagaye ƙafar duka, sa'an nan su sake daidaitawa, gama wannan matsa ita ke zaunar da gwiwar waya a mazauninta, ta kuma ƙara mata kwana ƙwarai. Na huɗu, su gaya wa mai keke gaskiya in ƙafa ta gama yayinta, ko da ba ya son ji.

KIRA GA HUKUMA

Akwai abin da ya fi ƙarfin mai keke da mai gyara. Yaran da ke koyon gyaran keke a garuruwanmu, yawancinsu faci da gyaran birki su ke ƙwarewa a kai, saƙar ƙafa kuwa sai ɗai-ɗai, dattawan da suka iya ta kuma suna ƙarewa. Ina ganin ya kamata Ƙaramar Hukumar Tofa da maƙwabtanta, irin su Dawakin Tofa da Rimin Gado da Bagwai, su haɗa kai da Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa, wadda aka kafa tun 1986 don irin wannan, a tara masu gyara na kwana biyu uku, a kawo gwanaye su nuna musu. Ba abu ne mai cin kuɗi ba. Kayan aikin duka ɗan makullin murɗa noti ne, da alli, da tsohon ƙarfen gaban keke da za a kafa ƙafa a kai. Makarantun koyon sana'a na Jihar Kano ma su sa wannan cikin abin da su ke koyarwa. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, ta sa ido a kan wayoyin keke da a ke shigowa da su, a riƙa rubuta kauri da tsawo da irin ƙarfe a jikin ƙunshi, don mai saye ya san abin da ya biya. Hanyoyin ƙauye kuma, in ba a sami halin kwalta ba, a riƙa cike ramuka da burji kafin ruwa ya sauka. Masu unguwanni da dagatai sun san yadda a ke kiran aikin gayya.

Jama'a, ƙafar da dattijon nan ya saƙa mini yau shekara biyu ke nan, ta ga damina ta ga rani, ko waya ɗaya ba ta tsinke ba. Ba wani tsafi ya yi mata ba, kowace waya ya ba ta rabonta na nauyi, bai bar wata tana hutu wata tana wahala ba. Masu hankali sun san wannan magana ba a kan keke kaɗai ta tsaya ba, haka gida ya ke, haka gari ya ke. Amma yau dai a fara da keken. Gobe da safe kafin ka ɗaura kaya, ka durƙusa ka taɓa wayoyin ƙafar baya, ka ji abin da su ke faɗa maka. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya kiyaye mu a kan hanya, Ya sa albarka a cikin nemanmu, amin.